Hotunan Makiyaya na William Blake: Nazari a Kan Sassaƙen Katako na 1821

Gabatarwa

Cikin shekarar 1821 aka buga wani littafin koyon harshen Latin a birnin Landan domin 'yan makaranta. Littafin juzu'i biyu ne, yana ɗauke da waƙoƙin makiyaya na Virgil, shahararren mawaƙin nan na Rumawa, tare da sharhi da hotuna fiye da 200. Galibin waɗannan hotuna an manta da su, an kuma manta da waɗanda suka yi su. Amma akwai guda 17 da har yau masana zane ke komawa kansu. Ƙanana ne ƙwarai, domin yawancinsu faɗinsu bai kai santimita 8 ba, tsayinsu kuwa bai kai santimita 4 ba. William Blake ne ya sassaƙa su a kan katako, mutumin da aka fi sani da waƙa, ko da yake da sana'ar sassaƙa hotunan ɗab'i ya ci abinci duk tsawon rayuwarsa.

Abin mamaki shi ne, waɗannan hotuna 17 su ne mai littafin ya so ya yar, kuma da ya yarda ya bar su sai da ya haɗa su da 'yar sanarwa mai kama da neman uzuri. Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana dalilin wannan saɓani, ta hanyar duban hoto ɗaya daga cikinsu, watau wanda ke nuna alkama kwance a gona ƙarƙashin husufin wata. Za a ga cewa abin da 'yan kasuwar ɗab'i suka ɗauka rashin gwaninta ne, shi ne ainihin hanyar da Blake ya bi ya fito da ma'anar waƙar da aka ba shi.

Blake da Sana'arsa

An haifi William Blake a unguwar Soho ta Landan ran 28 ga Nuwamba, 1757. Mahaifinsa mai kantin safa ne da ƙananan tufafi. Cikin 1772 aka kai shi koyon sana'a wurin James Basire, inda ya shekara bakwai yana koyon sassaƙa hoto a kan allon jan ƙarfe. Wannan ita ce sana'ar da masu buga littattafai ke biyansa a kanta. A gefe guda kuma yana rubuta waƙoƙinsa, yana yi musu hotuna, yana buga su da hannunsa tare da taimakon matarsa Catherine. Wajen 1788 ya ƙago wata hanya ta kansa: sai ya yi rubutu da zane a kan jan ƙarfe da wani ruwa wanda asid ba ya ci, sa'an nan ya bar asid ya cinye sauran wurin, rubutun da hoton su tsaya a tudu. Da wannan hanya ya buga Songs of Innocence cikin 1789.

Zamanin da ya rayu shi ne wanda masana adabin Turai ke kira zamanin Romantik, watau daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, lokacin da mawaƙa da masu zane suka fifita abin da zuciya ke ji da abin da tunani ke hangowa bisa ga bin ƙa'idojin da aka gada. Amma Blake bai ci moriyar wannan sauyi ba a lokacin rayuwarsa. Nunin zane-zanen da ya shirya cikin 1809 a kantin ɗan'uwansa bai sami 'yan kallo ba, jaridar da ta yi sharhi a kansa kuwa mahaukaci ta kira shi. Ya shiga tsufa cikin talauci, ba a faye tunawa da shi ba. Cikin 1818 ya sadu da wani saurayi mai zane, John Linnell, wanda ya ɗauki nauyin nema masa aiki. Linnell ne ya haɗa shi da likitan gidansu, Dokta Robert John Thornton, wanda ya fara buga littafin Virgil na makaranta cikin 1812, yana kuma shirin fitar da bugu na uku.

Thornton ya ba Blake aiki iri biyu. Na farko shi ne sassaƙa hotunan kawunan manyan mutanen da, kamar Virgil da Augustus, a kan jan ƙarfe, abin da ya saba yi. Na biyu shi ne ya tsara hotuna don wata waƙa, ya kuma sassaƙa su a kan katako. A lokacin Blake ya haura shekara 60, kuma waɗannan su ne kaɗai hotunan katako da aka san ya yi a rayuwarsa.

Waƙar da Aka Yi wa Hotunan

Waƙar makiyaya tsohon salo ne a adabin Turai. Theocritus, mawaƙin Girkawa ɗan tsibirin Sisili, shi ake danganta wa farkonsa a ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Virgil, wanda ya rayu daga shekara ta 70 zuwa ta 19 kafin Miladiyya, ya ɗauki salon ya rubuta waƙoƙi goma da Latin. Mutane da yawa suna zaton irin waɗannan waƙoƙi ba su ƙunshi kome ba sai tumaki da sarewa da inuwar itace. Amma waƙar farko ta Virgil hira ce tsakanin makiyaya biyu: Tityrus, wanda aka bar masa gonarsa, da Meliboeus, wanda aka ƙwace tasa, yana kora awakinsa bai san inda zai nufa ba. Bayan yaƙin Filibi na shekara ta 42 kafin Miladiyya an ƙwace gonakin manoma da yawa a Italiya aka raba wa tsofaffin sojoji, kuma wannan masifa ce ke bayan waƙar. Iyakar abin da Tityrus ya iya yi wa abokinsa shi ne ya gayyace shi kwana ɗaya da abincin dare.

Waƙar da aka ba Blake ba ta Virgil ce kai tsaye ba. Ta wani Bature ne ɗan Ingila, Ambrose Philips, wanda waƙoƙinsa na makiyaya suka fito cikin 1709, Thornton kuma ya sa ta cikin littafin a matsayin kwaikwayon waƙar farko ta Virgil. A cikinta akwai tsohon makiyayi mai suna Thenot da saurayi mai suna Colinet. Saurayin ya bar ƙasarsu a bakin kogin Severn ya tafi neman arziki, bai tarar da kome ba sai sanyi da ƙazafi da ba'a. Yana kuka da ƙaddararsa, yana kamanta kansa da itacen da tsawa ta ƙona. Tsohon yana ba shi haƙuri, amma ya yarda cewa lalle an haife shi cikin sa'ar rashin sa'a, irin lokacin da cuta ke lalata hatsi, ko lokacin da husufin wata ke nuna masifa na tafe. A ƙarshe ya kai shi gida, suka ci abinci, rana ta faɗi.

A bakin masana adabi waƙar Philips ba ta da wani babban matsayi. Kalmominta na ado ne, baƙin cikin da ke cikinta kuma na al'adar waƙa ne. Mai zanen da aka biya 'yan kuɗi kaɗan yana iya zana makiyaya biyu da tumaki masu tsabta ya sallami aikin. Blake ya ɗauki baƙin cikin da gaske.

Yadda Ake Sassaƙa Hoto a Katako

Ba za a fahimci rigimar da ta biyo baya ba sai an san bambancin jan ƙarfe da katako wajen ɗab'i. A kan jan ƙarfe, mai sassaƙa yana tona layi da alƙalamin ƙarfe mai tsini, a cusa tawada cikin ramin layin, a goge saman allon, sa'an nan a danna takarda da ƙarfi har ta tsotso tawadar. Saboda haka duk layin da ya tona baƙi yake fitowa a kan farar takarda. A kan katako kuwa al'amarin a juye yake, kamar yadda hatimi ke aiki. Saman katakon ne ke ɗaukar tawada, duk inda aka tona kuma ba ya taɓa takarda. Idan aka shafa wa katakon da ba a taɓa ba tawada aka buga, abin da zai fito baƙi ne ƙirin. Kowane yanka da mai sassaƙa ya yi, fari yake ƙarawa. Watau daga duhu yake farawa, haske yake tonowa.

Katakon da ake amfani da shi na wani ice ne mai tauri ƙwarai da ake kira bokis. Akan yanka icen a gicciye, gunduwa-gunduwa, a goge fuskar gunduwar ta yi sumul. A wannan fuska alƙalamin ƙarfe yana tafiya ta kowace kusurwa ba tare da icen ya tsage ba, don haka ana iya yin layi siriri kamar gashi. Thomas Bewick, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828, shi ya ɗaukaka wannan sana'a a Ingila, musamman da littafinsa na tsuntsayen Birtaniya wanda juzu'insa na farko ya fito cikin 1797. Masu ɗab'i sun so katako saboda dalili na kasuwa: ana iya jera shi tare da haruffa a buga shafi gaba ɗaya a lokaci guda, alhali jan ƙarfe sai an buga shi daban a wani inji.

Zuwa 1820 an sami ƙwararru da yawa da ke wannan aiki don masu littattafai. Abin da aka fi nema gare su shi ne tsabta da daidaito. Akan ba su zanen wani, su share duk farin wurin, su bar siraran baƙaƙen layuka a tsaye, har hoton ya yi kama da na jan ƙarfe ko na alƙalami. Gwaninta a wurinsu ita ce a ɓoye cewa katako ne. Blake bai bi wannan hanya ba. Ya bar baƙin katakon ya mamaye wuri, ya yi ta yanka gajerun fararen layuka a cikinsa, wasu kaurara, wasu sirara, ba a jere kamar na inji ba. Shekaru fiye da 30 da ya yi yana buga littattafansa daga allunan da zanensu ke tudu sun riga sun koya masa tunani ta wannan fuska.

Hoton Alkamar da Ta Kwanta

A cikin wannan hoto babu mutum ko ɗaya, babu tunkiya. Abubuwa uku ne ke cikinsa: itace, da gonar alkama, da wata. Iska ta tanƙwara itacen, rassansa sun miƙe gefe guda kamar ana jan su. Alkamar ta kwanta a ƙasa, layukanta suna bin hanyar da iskar ta bi. A sama wata ya shiga husufi, gefensa kaɗai ke da haske, sararin da ke kewaye da shi kuwa baƙi ne wanda fararen zane suka tsattsaga.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne yadda Blake ya sarrafa maganar waƙar. A wurin Philips itacen da hatsin da watan duk kamance ne: saurayi ya kamanta kansa da itace, tsoho ya kamanta ranar haihuwarsa da lokacin annoba. Babu ɗayansu da ke faruwa a gaban makiyayan. Blake ya tattaro su daga bakin mutum biyu, ya haɗa su a fili ɗaya, a dare ɗaya, ya mai da su abin da ido ke gani. Da ya cire mutanen, sai filin da kansa ya ɗauki halin Colinet. Mai kallo ba ya bukatar a nuna masa fuskar mai kuka, domin ƙasar ce ke cikin wahala.

Abu na biyu shi ne aikin da baƙin ke yi. Da Blake ya share sararin sama ya bar shi fari, ya zana wata da layi, da husufin ya zama alama kawai, irin wadda ake gani a kalanda. Amma da yake duhun shi ne asalin katakon, ɗan hasken da ya rage a gefen watan yana da nauyi, kuma fararen layukan da ke kan alkamar suna zama kamar hasken nan ne ya faɗo musu. Haske kaɗan ne a hoton, saboda haka duk inda ya taɓa ido yana tsayawa.

Abu na uku shi ne motsi. Layukan ƙwararru a jere suke, tazararsu ɗaya, don haka sukan ba da hoto mai natsuwa. Na Blake gajeru ne, suna karkata, suna cin karo da juna, ana ganin inda hannu ya danna da inda ya sassauta. Wannan rashin daidaito shi ke sa a ji iskar. Da an gyara layukan, da hadarin ya tsaya cik.

Ya kamata kuma a tuna da irin karkarar da masu karatun 1821 suka sani. Cikin 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya, ƙurarsa ta rage zafin rana, har shekarar 1816 ta zo da sanyi da ruwa mai yawa a Turai, amfanin gona ya lalace. Dokar hatsi ta 1815 ta hana shigo da alkama mai araha Ingila, burodi ya yi tsada. Shekaru da dama kafin wannan ana ta killace filayen da talakawan ƙauye ke kiwo a cikinsu ana mai da su mallakar masu ƙasa. Ga mutanen wannan lokaci, alkamar da ta kwanta kafin girbi tana nufin yunwa. Ta wannan fuska hoton ya fi kusa da Meliboeus na Virgil, wanda ya rasa gonarsa, fiye da yadda waƙar Philips ta kusance shi.

Wannan hoto ba shi kaɗai yake tsaye ba. A wani an ga makiyayi yana korar kyarkeci daga garke. A wani Colinet yana tafiya shi kaɗai, ya wuce dutsen hanya da aka rubuta wa mil 62 zuwa Landan. Masana sun lura cewa kusan wannan ne nisan ƙauyen Felpham, inda Blake ya zauna daga 1800 zuwa 1803 ƙarƙashin wani ubangida, William Hayley, zaman da ya ƙare da ɓacin rai da tuhumar zagin sarki, wadda kotu ta wanke shi daga gare ta cikin 1804. Hotunan ƙarshe kuwa na komawa gida ne: rawa, da abincin dare, da shanu suna tafe da yamma. Natsuwar da ke cikinsu tana da daraja ne saboda mai kallo ya riga ya ratsa daren husufi kafin ya kai gare ta.

Saɓani da Mai Littafi

Da aka kai aikin, waɗanda ke kula da ɗab'in ba su ji daɗinsa ba. Blake ya tsara hotuna 20 don waƙar. Uku daga ciki wani mai sassaƙa aka ba ya yi su bisa salon kasuwa. Alexander Gilchrist, wanda tarihin Blake da ya rubuta ya fito cikin 1863, ya ba da labarin cewa saura kaɗan a yi wa sauran haka, sai Thornton ya ji manyan masu zane, cikinsu har da Sir Thomas Lawrence da James Ward da Linnell, suna yabon su a wata liyafa. Wannan ya sa ya bar su. Duk da haka ya sa sanarwa cewa hotunan na Blake ne, kuma baiwa ta fi gwanintar sana'a yawa a cikinsu, ko da yake wasu fitattun masu zane suna sha'awarsu.

Ba a nan kaɗai aka taɓa su ba. Blake ya sassaƙa hotuna hurhuɗu a kan katako ɗaya. Masu ɗab'i suka rarraba su da zarto, suka kuma datse gefunansu don su shiga shafi. An sami 'yan takardun gwaji na hotuna takwas da aka buga kafin datsewar, kuma su ke nuna abin da aka rasa. Cikin 1843 mujallar Athenaeum ta buga ɗaya daga hotunan Blake kusa da irinsa wanda ƙwararren kasuwa ya sake sassaƙawa, domin masu karatu su gwada. Na ƙwararren ya fi tsabta, amma wanda ya dubi biyun zai ga cewa duk abin da ya sa hoton ya rayu ya tafi tare da baƙin da aka share.

Bai kamata a ɗauki Thornton jahili ba. Mutum ne mai son zane, wanda ya kashe dukiyarsa wajen buga babban littafin furanni mai suna Temple of Flora. Ma'aunin da ya yi amfani da shi shi ne na zamaninsa, watau hoto mai kyau shi ne wanda ba a ganin sawun hannu a cikinsa. Bisa wannan ma'auni hukuncinsa daidai ne. Kuskuren yana cikin ma'aunin, domin yana auna tsabtar layi ne, bai tambayi abin da layin ya zo yi ba.

Waɗanda Suka Gaji Hotunan

Linnell ya sayi katakan daga hannun Thornton cikin 1825, suka zauna wurin zuriyarsa fiye da shekara ɗari, kafin su koma Gidan Tarihi na Birtaniya cikin 1939. Amma tasirinsu ya fara tun Blake yana da rai. Cikin 1824 Linnell ya kai wani saurayi ɗan shekara 19, Samuel Palmer, wurin Blake. Palmer da abokansa, irin su Edward Calvert da George Richmond, suka kafa ƙungiya suna kiran kansu Mutanen Da, suna taruwa a ƙauyen Shoreham cikin lardin Kent. Zane-zanen da Palmer ya yi a waɗannan shekaru, masu manyan watanni da gonakin alkama da tumaki cikin magariba, daga ƙananan hotunan nan suka samo tushe. Calvert kuma ya sassaƙa nasa hotunan katako tsakanin 1827 da 1831 bisa wannan tafarki.

Akwai bambanci, duk da haka. Palmer da Calvert sun fi ɗaukar natsuwar da albarkar gona, suka bar hadarin. Karkararsu mai yalwa ce, alkamarta a tsaye take. Bayan ƙarni guda, nunin da aka yi na ayyukan Palmer da sauran almajiran Blake a gidan tarihi na Victoria da Albert cikin 1926 ya farkar da sabbin masu zane, kamar Graham Sutherland, waɗanda suka sake gano cewa filin karkara yana iya ɗaukar tsoro kamar yadda yake ɗaukar salama.

Kammalawa

Blake ya rasu ran 12 ga Agusta, 1827, shekara shida bayan fitowar littafin. Abin da wannan nazari ya nuna shi ne cewa hanyar aikinsa da ma'anar hotonsa abu guda ne. Waƙar makiyaya tun daga Virgil tana magana ne a kan zaman lafiyar da ke iya kuɓucewa, katako kuma abu ne da ke ba da duhu tun farko, sai an yi aiki kafin a sami haske. Blake ya ga dacewar waɗannan biyu, ya bar duhun ya yi nasa aikin. Masu ɗab'i sun nemi ya share shi domin hoton ya yi kama da sauran 200 da ke cikin littafin. Da an yi haka, da 'yan makarantar 1821 sun sami hoto mai tsabta na itace da gona da wata, da kuma an manta da shi tare da sauran.